Amsoshin Wasiƙunku: An Taya Kamfani, Shugabanninsa Sun Ce Albarka, Wa Ya Ci Riba?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ya gaji takardun hannun jari na wasu kamfanoni daga mahaifinsa, kuma yakan ji a labaran duniya ana cewa kamfani kaza na neman ya saye kamfani kaza da ƙarfin tsiya, amma shugabannin wanda ake son sayewa sun kafa shinge sun hana. Tambayarsa biyu ce. Yaya ake sayen abu da ƙarfi alhali mai shi bai sallama ba? Sa'an nan in shugabanni suka hana ciniki, masu ƙaramin hannun jari irinsa riba suka ci ko hasara?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. Ƙarfin da ake nufi ba na sanda ba ne. Babban kamfani da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwa, mutane dubbai ne suka mallake shi, wani yana da hannu ɗari, wani yana da miliyan. Tun da ba zai yiwu duka su zauna a ofis ba, sai su zaɓi wasu mutane kaɗan, wato daraktoci, su kuma daraktoci su ɗauki manajoji. In wani attajiri ko wani kamfani yana son saye, daraktoci yake fara zuwa wa da tayi. In sun ƙi, sai ya tsallake su ya tafi kai tsaye wurin masu hannun jari, ya ce kowa ya sayar masa da nasa a kan farashin da ya ɗara na kasuwa. Ranar da ya tara fiye da rabi, ya zama mai gida, sai ya sallami daraktocin ya naɗa nasa. Wannan tsallakewar ita ce ƙarfin da kake ji ana faɗi.

Kai da ka san kiwo, ɗauki misalin mutumin da ya ba makiyayi saniyarsa. Saniya ta mai ita ce, amma nono makiyayi ke sha. Ran nan sai mahauci ya zo ya yi tayi, makiyayi ya ce albarka. Mai yiwuwa ne ya faɗi haka don ya san saniyar tana da ciki, nan da wata uku za ta zama biyu, kuma tayin ya yi arha. Mai yiwuwa ne kuma nonon yake ji. Daga nesa kalmar albarka ɗaya ce, kuma dukan gardamar da masana ke yi a kan wannan batu ba ta wuce gano wacce ce daga cikin biyun ba.

Bari mu soma da kamfanin da kayansa ke kan teburin kowane mai shayi, wato Cadbury, masu Bournvita da alewar TomTom. Asalinsa na Ingila ne, wani mutum John Cadbury ya kafa shi a birnin Birmingham a 1824, reshensa na Nijeriya kuma an yi masa rajista a 1965. A ranar 7 ga Satumba 2009 wani katafaren kamfanin abinci na Amurka mai suna Kraft ya fito fili ya ce yana son sayen Cadbury a kan fam 7 da peni 45 kowane hannu, wani kashi tsabar kuɗi, wani kashi kuma a ba ka hannun jarin Kraft. (Dattawa su lura, fam ɗin Ingila na yanzu peni 100 ne, an bar lissafin sule 20 tun 1971.) Jimlar tayin ta kai fam biliyan 10.2. Kafin wannan sanarwa ana sayar da hannu ɗaya a kan fam 5 da peni 68. Ka ga ke nan tayin ya riga ya ɗara kasuwa nesa, amma duk da haka shugaban daraktocin Cadbury, Roger Carr, ya ce raini ne, ba su sayarwa a haka.

A watan Nuwamba Kraft ya tsallake su ya kai tayin gaban masu hannun jari. To me daraktocin Cadbury suka yi? A dokar ciniki ta Ingila, wadda aka kafa tun 1968, da zarar tayi ya zo daraktoci ba su da ikon yin wata dabara da za ta lalata cinikin sai da yardar masu hannun jari. Baki kawai aka bar musu. Saboda haka suka yi ta buga takardu suna nuna ribar da kamfanin ke samu da wadda zai samu nan gaba, suna ce wa mutanensu kada su yi gaggawa. Aka kuma yi ta raɗe-raɗin cewa kamfanin Hershey na Amurka ko Ferrero na Italiya zai shigo da nasa tayin. Irin wannan mai saye na biyu da ake fatan ya kawo ɗauki, Turawa suna kiransa barde mai farin doki. Babu wanda ya shigo a cikinsu, amma jin motsinsu kaɗai ya isa ya hana Kraft barci, kamar yadda mai taya rago yakan ƙara kuɗi in ya ga wani ya tsaya yana shafa bayan ragon.

A ranar 19 ga Janairu 2010 Kraft ya ƙara zuwa fam 8 da peni 40, da ƙarin peni 10 na rabon riba, jimla kimanin fam biliyan 11.5. Nan daraktoci suka ce sun sallama. Yi lissafi da kanka, Alhaji. Albarkar da suka yi ta faɗi wata huɗu ta ƙara wa kowane hannu fam 1 da peni 5 a kan tayin farko, wanda kuma ya riƙe nasa tun daga fam 5 da peni 68 ya samu ƙarin kusan rabin kuɗinsa. Har ma babban mai hannun jari a Kraft ɗin, attajirin nan Warren Buffett, ya fito ya ce cinikin bai yi masa daɗi ba. In mai saye yana ƙorafi, ka san mai sayarwa bai faɗi ba.

Akwai abubuwa biyu a labarin nan da ba a cika faɗa ba. Na farko, da aka ji ƙamshin ciniki sai 'yan baranda suka yi ta sayen hannun jarin Cadbury don su sayar wa Kraft. Shi Roger Carr ya bayyana daga baya cewa rabon irin waɗannan ya tashi daga kimanin kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 31. Wato lokacin da aka zo yanke shawara, kusan sulusin masu kamfanin baƙi ne na jiya-jiya, ba ruwansu da abin da zai zama nan da shekara goma. Na biyu, Kraft ya nuna zai bar wata masana'anta da ke Somerdale kusa da Bristol ta ci gaba da aiki, wadda Cadbury da ma ya shirya rufewa. Mako guda bayan kamfanin ya shiga hannunsa sai ya ce rufewa za a yi, ma'aikata wajen 400 suka rasa abin yi. Hukumar da ke kula da irin wannan ciniki ta tsawata wa Kraft, a 2011 kuma aka tsaurara ƙa'ida: wanda ya nuna sha'awar saye yana da kwana 28 ya ajiye tayi na sosai ko ya kauce. Ribar mai hannun jari daban, lafiyar ma'aikaci daban, kuma tambayar Alhaji a kan ta farkon ce. A 2012 Kraft ya rabu biyu, Cadbury ya faɗa ɓangaren da aka raɗa wa suna Mondelez.

Yanzu mu ƙetara Amurka, inda aka sakar wa daraktoci mara ƙwarai. A can ne wani lauya mai suna Martin Lipton ya ƙirƙiro wata dabara a 1982 da ake kira ƙwayar guba, kuma a 1985 babbar kotun jihar Delaware, inda fiye da rabin manyan kamfanonin ƙasar suka yi rajista, ta ce dabarar halal ce a doka. Ga yadda take. Daraktoci za su rubuta cewa duk ranar da mutum ɗaya ya tara, a ce, kashi 15 cikin 100 ba da yardarsu ba, to kowa da kowa ban da shi yana da damar sayen sabon hannun jari a rabin kuɗi.

Bari mu hau allo. A ce kamfani yana da hannu 100, kowanne naira 10, dukiyarsa naira 1,000 ke nan. Mai neman saye ya tara hannu 20 a kan naira 200. Sai guba ta tashi, sauran masu hannu 80 kowa ya sayi ƙarin ɗaya a kan naira 5. Hannu ya zama 180, dukiya ta zama naira 1,400, kowane hannu ya koma ƙasa da naira 8. Mutuminmu da yake da kashi 20 ya wayi gari da kashi 11, naira 200 ɗinsa ta koma wajen 156. An tsarma masa nono da ruwa, sauran kuwa ba su rasa kome ba. Don haka babu mai hankalin da zai haɗiyi wannan ƙwaya da gangan, dole ya dawo ya zauna da daraktoci. Ko a watan Afrilu 2022 da Elon Musk ya taso wa Twitter, ita daraktocin suka fara ɗaukowa a kan kashi 15, ko da yake bayan kwana goma suka sallama a kan dala 54 da santi 20 ɗin da ya taya tun farko, ba ƙarin ko anini.

Wani zai ce, ai sai mai saye ya lallashi masu hannun jari su tsige daraktocin a taron shekara, sababbi su zo su cire gubar. Haka ne, shi ya sa akan haɗa da dabara ta biyu: a raba daraktoci kashi uku, kowace shekara kashi ɗaya kaɗai ake zaɓe. Mai son ya sami rinjaye sai ya ci zaɓe shekara biyu a jere, kuɗinsa na ɗaure, tayinsa na shan rana. Kaɗan ne ke iya wannan jira.

An ga aikin dabarun nan biyu a haɗe a kan wani kamfani mai suna Airgas, mai sayar da iskar da masu walda da asibitoci ke amfani da ita. A Fabrairu 2010 abokin sana'arsa, Air Products, ya taya dala 60 kowane hannu, aka ƙi. Ya yi ta ƙarawa har dala 70, aka ƙi. Ya ci zaɓen shekarar ya shigar da mutanensa uku cikin daraktoci. Abin mamaki, da mutanen nan uku suka zauna suka duba littattafan kamfanin, sai suka bi bayan tsofaffin daraktoci suka ce lalle dala 70 ta yi kaɗan. Aka je kotu. A Fabrairu 2011 alƙali William Chandler ya nuna cewa a ra'ayinsa lokaci ya yi da za a bar masu hannun jari su zaɓa da kansu, amma doka ta ba daraktoci gaskiya, ya bar musu gubarsu. Air Products ya janye. A Nuwamba 2015 wani kamfanin Faransa, Air Liquide, ya zo ya saye Airgas a kan dala 143 kowane hannu, fiye da ninki biyu. Sai dai a yi adalci, an jira kusan shekara biyar, kuma cikin waɗannan shekaru kasuwar hannun jari ta Amurka gaba ɗayanta ta tashi da fiye da rabi. Ko an cire wannan, makiyayin nan ya yi gaskiya, saniyar tana da ciki.

Ga kuma ɗaya fuskar. A ranar 1 ga Fabrairu 2008 kamfanin Microsoft ya taya Yahoo, wani babban kamfanin intanet na wancan zamani, a kan dala 31 kowane hannu, jimla dala biliyan 44.6, a lokacin da kasuwa ke sayar da shi a kan dala 19 da 'yan kai. Shugaban Yahoo, Jerry Yang, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin. Daraktocinsa suka ce albarka. Suka kuma fito da wani tsari na biyan ma'aikata kuɗin sallama mai tsoka in kamfanin ya canza hannu, abin da zai ƙara wa mai saye nauyi. Microsoft ya ƙara zuwa dala 33, su suka kafe a kan 37. A farkon Mayu Microsoft ya kaɗe rigarsa ya tafi. Zuwa Nuwamba na wannan shekara hannun jarin Yahoo ya faɗo ƙasa da dala 10, Jerry Yang ya sanar zai sauka. Gaskiya ne shekarar ce tattalin arzikin duniya ya durƙushe, kowa ya ji a jikinsa. Amma wanda aka hana shi karɓar dala 33 a watan Mayu, ba ka da bakin da za ka ba shi haƙuri da wannan.

Akwai dabarar da ni ban ga ta inda za a kare ta ba. A 1984 wani attajiri, Saul Steinberg, ya tara hannun jarin kamfanin Disney yana barazanar saye. Sai daraktoci suka ɗebi kuɗin kamfani, kimanin dala miliyan 325, suka saye nasa shi kaɗai a farashin da ya fi na kasuwa don ya tafi ya ba su wuri. Ya tafi da ribarsa, farashi ya faɗo a kan sauran jama'a. Da kuɗin kowa aka sallami mutum ɗaya, daraktoci kuma suka tsira da kujerunsu. Abin ya yi yawa a shekarun nan har a 1987 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kashi 50 a kan irin wannan riba.

Masana sun ƙirga abin a kan kamfanoni masu yawa, don labari ɗaya ko biyu ba ya yanke hukunci. Wani bincike da aka buga a 1995 ya gano cewa kamfanonin da ke da ƙwayar guba, in an zo an saye su, sukan sami farashi mafi tsoka. Wani kuma na 2003, da wasu malamai uku, Gompers da Ishii da Metrick, suka yi a kan kamfanoni wajen 1,500 na shekarun 1990, ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan shingaye sun fi ƙarancin daraja da riba. A 2005 malaman jami'ar Harvard, Bebchuk da Cohen, suka sami irin wannan sakamako a kan raba daraktoci kashi uku, ko da yake wasu sun zo daga baya sun yi musu gardama. In ka duba, binciken farko da na biyu ba su ƙaryata juna ba. Na farko ya ƙirga cinikin da aka yi ne. Bai ƙirga wanda aka kora tun daga bakin ƙofa ba, bai kuma ƙirga lalacin manajan da ya san ba mai iya taɓa shi ba. Yaron shagon da ya tabbata ba za a kore shi ba, kowa ya san ƙarfe nawa yake buɗe shago.

Ni dai a nawa ganin, Alhaji, shingen da ke sayen lokaci don a ja farashi yana amfanin mai ƙaramin hannu, domin ku dubu ne a warwatse, ba ku da bakin yin ciniki ɗaya, kuma in ba mai tsaya muku kowa zai yi rige-rigen sayarwa kada a bar shi a baya. Shingen da ba ya buɗuwa ko nawa aka taya, wannan na masu kujera ne. Tsarin Ingila ya fi kwanta mini, inda dillali zai yi ta ja iya ƙarfinsa amma kalmar ƙarshe ta mai kaya ce, ko da yake na san da a Ingila Airgas yake, mai yiwuwa da an sayar da shi a dala 70.

A nan gida irin wannan kokawa ba ta da yawa, saboda galibin manyan kamfanoninmu akwai mutum ɗaya ko uwar kamfani ɗaya da ke riƙe da fiye da rabi, ba ta inda baƙo zai tsallaka. Amma an ɗan taɓa. A watan Afrilu 2023 Femi Otedola ya sayi sama da kashi 5 na kamfanin Transcorp, masu babban otal ɗin nan na Hilton a Abuja. Nan da nan shugaban kamfanin, Tony Elumelu, ya shiga kasuwa ya kai nasa rabon sama da kashi 25, daga bisani Otedola ya sayar da nasa ya fita. Cikin 'yan makonnin nan farashin hannun jarin ya yi sama ƙwarai, ƙananan masu hannu suka ga alheri. Wannan kariya ce da mutum ya yi da aljihunsa, bai taɓa asusun kamfani ba. Dokar zuba jari ta 2007 kuma ta kawo ƙa'idar cewa wanda ya tara kashi 30 sai ya miƙa wa sauran masu hannun jari tayi, don kada a yi ciniki da manya a bar ƙanana.

Game da takardun da ka gada, abu na farko shi ne ka je wurin dillalin hannun jari mai lasisi da takardar rabon gado, a mayar da su sunan magada, a gyara adireshi da lambar waya da asusun banki a wurin mai riƙe da rajistar kamfanin. In tayi ya zo, ta nan takarda za ta biyo, kuma tana da ranar rufewa. In ta zo, ka sa a karanta maka ita duka. Ka tambaya nawa aka taya a kan farashin da ake kafin a ji labari, tsabar kuɗi ne ko musanyar hannun jari. In daraktoci sun ce a ƙi, ka nemi jin farashin da za su yarda da shi, domin wanda ke jan ciniki yana da adadi a bakinsa. Ka duba su kansu hannu nawa suke da shi a kamfanin, da abin da aka rubuta za a biya su in sun rasa kujerunsu. Yawan hannun jarin daraktoci yana cikin rahoton shekara da ake aiko wa masu hannun jari, kuma kana da ikon halartar taron shekara ko ka wakilta wani ya jefa maka ƙuri'a.

Lokaci ya yi mana halinsa. Masu sauraro a ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu.